Na wa ne iccen? Amsa kan yadda ake kai binciken muhalli kunnen jama'a da mahukunta

Wata ɗiya tamu da ta gama digiri na biyu a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, yanzu kuma tana aiki a nan jihar Tawa, ta aiko mini da tambaya. Ta ce shekara biyu ta yi tana auna zaizayar ƙasa da raguwar itatuwa a kewayen wani tabki. Ta rubuta rahoto, an yi taron bita a otal, an tafa mata, kowa ya karɓi kuɗin zamansa ya kama gabansa. Yau wata takwas ke nan ba abin da ya motsa. Manoma na sassabe kamar yadda suka saba, ofishin da ta kai wa rahoton kuma ko kiranta bai yi ba. Sai ta ce: "Baba, yaya ake yi wa talakawa da mahukunta bayanin ilimin kare muhalli har su ji, su yi aiki da shi?"

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Na yi sama da shekara talatin a aikin gandun daji, mafi yawansu tsakanin Adar da Gobir, kuma abin da ya same ki ya same ni tun ba a haife ki ba. Zan gaya miki abin da na gani da idona da abin da tarihin ƙasar nan ya nuna, don mu a Nijar ba sai mun je aron misali wani wuri ba.

Ki fara da cire wani tunani daga ranki, wanda kusan dukanmu da shi muke fitowa daga makaranta, wai mutane ba su gane ba ne, in an yi musu bayani sosai za su canza. Farkon aikina an tura ni wani ƙauye gabas da Tawa. Na sa kakina, na ɗauki kwalaye masu zanen rairayi yana binne gari, na tara mutane gindin bedi a ƙofar gidan maigari, na yi kusan awa guda ina lissafa amfanin icce: inuwa, tare iska, riƙe ƙasa. Ba wanda ya katse ni. Da na gama, wani dattijo da ke tufkar igiyar guga tun lokacin da na fara ya ɗago kai ya ce: "Yaro, mun ji. To in na bar gawon nan ya girma a gonata, ran da na sare reshe guda don in tokare rumbuna, wa zai zo ya ci ni tara?" Na yi shiru, don ni ne mai zuwan. Littafin tarar ma yana cikin jakata a lokacin.

Dokar daji ta 1974, wadda ta gaji tsarin da Faransa ta kafa tun 1935, ta sa gawo da wasu itatuwa cikin jerin waɗanda ba a taɓawa sai da izini, ko da a gonar mutum suke. A takarda kariya ce. Manomi kuwa ya karanta ta yadda take aiki a kansa: icce na gwamnati ne, duk wanda ya girma a gonarka ƙofar fitina ce ka buɗe wa kanka. Sai ya riƙa tuge shi tun yana tsiro, kafin ya kai girman da ɗan gandun daji zai hango shi daga kan hanya. Dattijon nan ya fi ni sanin amfanin gawo nesa ba kusa ba. Abin da ya hana shi barin gawon ba a kansa yake ba, a jakata yake.

Saboda haka kafin ki tsara ko jimla ɗaya ta faɗakarwa, ki zauna da mutanen tabkin nan ki gano abin da ya hana su yin abin da kike so su yi. Wani gonar aro yake nomawa, in ya raya icce mai gona zai ce yana neman ƙwace masa ƙasa. Wani ya raya, an zo da dare an sare, bai san inda zai kai ƙara ba. Wata kuma itacen da ta sayar ranar kasuwa shi ne cefanen gidanta na mako. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da wanda ya kamata a yi wa magana a kansa, kuma sau da yawa manomin shi ne na ƙarshe a jerin.

Dubi yadda babban abin da ƙasar nan ta yi a fannin muhalli ya yaɗu. A 1983, a yankin Maraɗi, wani masanin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace bazara tohon kututture ne masu rai, saiwarsu na nan ƙarƙashin ƙasa da ƙarfinta. In aka zaɓi ƴan rassa masu ƙwari aka bari, aka datse sauran, sabara da kalgo da gawo sai su miƙe da saurin da dashe ba ya yi. Lokacin yunwar 1984 an haɗa wannan da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare mutane da yawa sun koma sun sare. Amma wasu sun bari, maƙwabta suka ga itacen girki da harawa da hatsin da iska ba ta binne ba, suka kwaikwaya. A Magarya da Matamai da Mirya kuwa manoma da kansu suka riƙa kare gawo a gonaki ba tare da wani ya zo ya koya musu ba. Sai bayan kimanin shekara ashirin ne masana, cikinsu har da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou tare da Chris Reij da Gray Tappan, suka gwada hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na zamani, suka gano cewa wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, kimanin miliyan 200. Manoma sun riga sun yi aikin, mu masu biro muka zo daga baya muka auna. Duk lokacin da na ji matashi yana cewa zai je wayar da kan ƙauyawa, wannan nake tuna masa.

Ki kuma lura da sunan da abin ya samu: sassabin zamani. A takardun ofis sunansa dogo ne da Faransanci, ba mai iya riƙe shi. Sassabe kuwa kowa na yin sa tun kaka da kakanni, an ce masa dai ga yadda ake yin na zamani. Ba a ce wa mutum ya bar aikin ubansa ba. Ina ganin rabin nasarar a sunan nan take.

A nan gidanmu ma akwai darasi. A 1989 wani shiri da asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, FIDA, ke tallafawa a Illela ya ɗauki ƴan manoma kaɗan ya kai su Yatenga a Burkina Faso, ƙasar su marigayi Yacouba Sawadogo, suka ga yadda ake raya fako da ramuka. Tassa, wato irin waɗannan ramukan shuka, ba baƙuwa ba ce a Adar, amma can suka ga an faɗaɗa ramin kamar bakin ƙwarya, an tara ƙasar da aka haƙo ta gefen gangare don ta tare ruwa, an zuba taki tun da rani. Takin ya jawo gara, gara ta huda ƙasa, ruwan farko ya samu hanyar shiga maimakon ya gudu. Suka dawo suka gwada a gonakinsu da ke bakin hanya. Cikin ƴan shekaru, a kewayen Illela da Badagishiri, fakon da ko kyauta aka ba mutum ba ya so ya zama abin saye da sayarwa. Ran da kika ga mutum ya ciro kuɗinsa ya sayi fako, ba kya bukatar wani ma'auni don ki san saƙo ya isa. Gani ya kori ji. Kuɗin da aka kashe a taron otal ɗin nan naki zai isa a ɗauki mota a kai mutanen tabkin wurin ƴan'uwansu manoma da suka riga suka yi tassa da rabin wata (ramin tare ruwa mai siffar rabin wata) da jeren duwatsu, a bar su su kwana can, ke kuma ki ja gefe ki bar su su yi hirarsu. Tambayoyin da za su yi wa juna, ke ba za su taɓa yi miki su ba: kwana nawa ya ci, bayanka bai yi ciwo ba, matarka ta yarda, wa ya ba ka taki.

To me ya rage wa mai ilimin boko ya kawo, in manomi ya san duk wannan? Da yawa. Ke kina ganin abin da idonsa ba ya kaiwa. Ya san hatsin gindin gawo ya fi kyau, ya san gawo na zubar da ganye da damina ya tofo da rani, saɓanin sauran itatuwa. Abin da za ki ƙara masa shi ne a saiwar akwai ƙananan halittu da ke jawo sinadarin taki daga iska, irin wanda yake saye a buhu da tsada. Ya san tabki na raguwa, amma bai taɓa ganin sa daga sama ba. Abu mafi ƙarfi da na taɓa kaiwa ƙauye hotuna biyu ne na garin da kansa, tsoho da sabo, an buga su manya. Na shimfiɗa su kan tabarma na danne gefunan da duwatsu, ban ce komai ba. Da farko suka yi cirko-cirko. Sai wani yaro ya gane masallacin Juma'a, daga nan aka gano rijiya, aka bi hanyar kasuwa da yatsa, aka kai maƙabarta. Wata tsohuwa ta sa yatsa kan wani baƙin ɗigo a tsohon hoton ta ce kukar da ake sa musu lalle a gindinta ce, ta duba sabon hoton ba ta gan ta ba, ta riƙe baki. Suka yi ta ƙirga ɗigon itatuwa da kansu, suna gardama kan shekarar da kwarin nan ya fara cin gonar wane. Har magariba ba a tashi ba, kuma duk abin da na zo faɗa su suka faɗe shi.

In babu hoto, buta ta isa. Ki zuba ruwan buta guda a kan fako, ki zuba wata a inda aka bar karan hatsi ya rufe ƙasa, a jira kaɗan, ki ba wani ya tona da yatsa ya ga inda laima ta kai. Babin rahotonki na shigar ruwa cikin ƙasa ke nan gaba ɗaya.

Sai maganar harshe, wadda ta wuce fassara. Rahotonki da Faransanci yake, mafi yawan mutanen da ya shafa kuwa ba sa karanta shi, wannan kowa ya sani. Amma ko da Hausa, in kika ce "bambancin halittu" ko "tsarin muhalli", kunne zai ji, zuciya ba za ta kama komai ba. Ki tambayi tsofaffin mata abin da suke sawa a miya suna ƴanmata wanda yanzu sai an saya, da maganin da ake saƙa wa mai jego wanda yanzu sai an yi tafiyar yini. Ki tambayi maƙeri ina yake samun ƙirya. Ki tambaya ina ake tsinkar anza in shekara ta yi wuya, don dilo, abincin da ake yi da ƴaƴanta, ya ceci rayuka a ƙasar nan, kuma wanda ya ci shi ba ya mantawa. Jerin da za su ba ki shi ne abin da kike kira bambancin halittu, kuma zai fi na littafinki cika. Haka lissafi. Kada ki ce tan kaza a hekta. Ki ce dami nawa, tiya nawa, amalanken itace nawa, jika nawa buhun ƴaƴan gawo yake a kasuwar dabbobi cikin watan Afrilu. In ba ki san farashin ba, ki je kasuwar ki tambaya kafin ki tara mutane.

Wa ke garin ma lokacin da kika je? Adar ƙasar ci-rani ce. Da an gama girbi majiya ƙarfi sun kama hanyar Abijan ko Najeriya ko Libiya, sai gab da shuka su dawo. Wanda ya kira taron maza a watan Fabrairu, tsofaffi zai samu. Furojen Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, wanda ya raya tuddai da kwaruruka masu yawa, mafi yawan masu ɗaukar duwatsunsa mata ne. Su ne a gida da rani, su ne masu neman itace, su suka san wane icce ya ɓace. Amma ba za su yi magana a gaban maigari ba, sai kin bi su bakin rijiya ko wurin taron adashi, kuma a nan kasancewarki mace dama ce da ni ban taɓa samu ba. Makiyaya kuma, Fulani da Buzaye da ke saukowa tabkin da rani, in aka yanke shawara ba su nan, ran da suka iso za su sassare rassa su ba dabbobi, don ba wanda ya gaya musu an yi wata yarjejeniya. Kwamitocin kula da filaye da suka samo asali daga dokar karkara ta 1993 don irin wannan aka kafa su, tun daga matakin ƙauye. Ki nemi na wurin, ko da barci yake ki tashe shi.

Liman ma ki je ki gaishe shi da kanki, ki nuna masa hotunan. Ya fi ki sanin hadisin da ya ce duk Musulmin da ya dasa icce, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Ba sai kin koya masa ba, ki dai nuna masa halin da tabkin garinsa yake ciki. A rediyon karkara kuwa kada ki karanta rahoto. Ki zo da manomin da ya gwada da wanda ya ƙi, a buɗe waya mutane su kira. Saƙon murya na WhatsApp yanzu ya kai inda mota ba ta kaiwa, kuma ƙungiyar RECA ta manoma ta daɗe tana amfani da shi cikin harsunan gida. Minti biyu, magana ɗaya, a aika kafin lokacin sassabe. In aka aika bayan an ƙone gonaki, sai baɗi.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe da hannu biyu, shi ne gaskiya, ko da ta rage wa maganarki armashi. Mun daɗe muna cewa hamada na cin kilomita kaza kowace shekara, kamar wata rundunar da ke tahowa daga arewa. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna iyakar tsirrai tana gaba tana baya ne gwargwadon ruwan shekara, lalacewar ƙasa kuwa tabo-tabo take farawa, a inda muke noma da kiwo da saran itace. Wannan ya fi zama gaskiya, ya kuma fi amfani, don wanda aka ce wa hamada na zuwa zai ce sai abin da Allah ya yi, wanda aka nuna wa fakon bayan gidansa kuwa yana iya ɗaukar hauya. Haka hasashen damina da cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da ruwa a Sahel da ma'aikatar yanayi ke fitarwa: rinjaye ne ake faɗa, cewa alamu sun fi karkata ga kaza. In mai gabatarwa a rediyo ya mayar da shi tabbas, ruwa kuma ya saɓa, shekara mai zuwa ba mai saurare.

Namun daji sun fi kowane fanni bukatar wannan gaskiyar. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 aka ƙirga. Yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas aka kai Gadabeji. Abin alfahari ne. Amma raƙumin dawa yana cin wake, yana cin mangwaro, kuma wanda aka cinye wa wake ba ya son jin cewa dabbar ba ta da illa. Masu aikin can da suka yi nasara sun amsa cewa akwai ɓarna, suka zo da rance da rijiyoyi da aikin ja-gora ga ƴan yankin. Haka batun dorina yake a Ayoru, inda take cin shinkafa, wani lokaci har ta kife jirgi. Sai dai akwai darasi mai ɗaci a Kure: harin watan Agusta na 2020, wanda ya ci rayuka takwas, ya kori masu yawon buɗe ido. Hujjar da aka gina kan kuɗin baƙi kaɗai takan faɗi ran da baƙi suka daina zuwa. Ki nemi dalilin da zai tsaya ko ba baƙo, ko ba furoje.

Yanzu mahukunta. Kada ki ɗauka rashin kiran da aka yi miki raini ne. Darektan da kika kai wa rahoto yana da irinsa tuli a kan tebur, ga taro, ga baƙi, ga waya daga sama. Rahoto mai shafi tamanin da ya ƙare da shawarwari goma sha biyar, kowace tana farawa da "ya kamata a ƙarfafa", bai nemi komai a wurin kowa ba. Ki rubuta shafi ɗaya. Ki faɗi abu ɗaya da kike so a yi, wa ke da ikon sa hannu a kansa, nawa zai ci, da abin da za a yi asara in an bari. Ki sa hotunan nan biyu a bayansa. Sannan ki gano wanda ke rubuta wa mai sa hannun takardu, don sau da yawa wani ma'aikaci ne a ƙaramin ofis wanda ba a gayyata taron otal ba. Ki san kuma lokacin da gundumar ke tsara shirin raya ƙasarta da kasafin shekara. Abin da bai shiga wannan takarda ba, ko magajin gari ko kantoma ya so shi, ba shi da inda zai ciro kuɗinsa.

Ki yi masa magana da abin da ke hana shi barci. Mai mulki bai cika kwana da tunanin sabara ba, amma yana kwana da tunanin ambaliya, da faɗan manoma da makiyaya, da farashin hatsi, da samarin da ba su da aiki. Ga misali. Masana ruwa sun daɗe da gano wani abin mamaki a Sahel: tun bayan farin shekarun 1970 da 1980, ruwan da ke gangarowa cikin koramu ya ƙaru, alhali ruwan sama bai kai na shekarun 1950 ba. Dalili, ƙasa ta tsiraita ta yi ɓawo, ruwa ba ya shiga, sai ya kwashi yashi ya gudu. Jan ruwan da ƙananan kogunan Gorouol da Dargol da Sirba ke zubowa cikin kogin Isa da damina shi ne ya kai kogin matsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai a 2020, har madatsa ta ɓalle ruwa ya shiga unguwanni irin su Lamorde. A 2024 ambaliya ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya a faɗin ƙasa. In kika ce wa gwamna a raya tuddai don kare muhalli, zai gyaɗa kai. In kika nuna masa cewa tudun nan da ya zama fako shi ne ke aiko da ruwan da ya cinye gada ya raba garuruwa biyu da kasuwa, zai tambaye ki nawa ne kuɗin.

Masu mulki suna son abin da ake ƙaddamarwa a ɗauki hoto, kuma ban ga laifinsu ba, aikinsu na bukatar a gani. Tun 1975 muke dashen itatuwa ranar 3 ga Agusta, kuma kowace shekara ana faɗin adadin da aka dasa. Abin da na daɗe ina roƙo shi ne a riƙa faɗin adadin na bara da suka rayu. Wannan tambaya guda, in ta shiga bakin ƴan jarida da masu tsara kasafi, za ta karkatar da kuɗi daga ramin dashe zuwa ban ruwa da shinge da sassabin zamani, ba tare da an yi wa kowa gori ba. Ki kuma yi ƙoƙari ki fitar da su daga ofis. Wanda ya tsaya a kwarin Majiya ya ga layukan bedin da aka fara dasawa a 1975 don tare iska, ya ji daga bakin masu gonakin, ba ya komawa yadda ya zo.

Amma kada in ruɗe ki, bayani yana da iyaka. Zoben itatuwan da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965, sama da hekta 2,000, ba wanda bai san amfaninsa ba, duk da haka an yanka babban ɓangarensa an yi filaye. A irin wannan wuri ba ƙarancin sani ne ya yi ɓarna ba, kuɗi ne a ciki. Rahoto shi kaɗai ba ya ja da kuɗi. Sai an samu mazauna unguwa da ƴan jarida da ƙungiyoyi da masu shari'a sun ɗauki maganar, ke kuma aikinki ki ba su alƙaluman da ba wanda zai iya ƙaryatawa. Shi ya sa nake hana ki ƙari ko na ɗigo ɗaya: ran da aka kama kuskure guda a lissafinki, da shi za a rufe sauran.

Wata takwas kuma ba komai ba ne a wannan aiki. An yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a Maraɗi a 1984, zamanin Seyni Kountché. Dokar karkara ta zo a 1993, sabuwar dokar daji a 2004. Sai a watan Yulin 2020 aka fitar da dokar da ta tsara sassabin zamani, ta amince wa manomi da haƙƙin cin moriyar itatuwan da ya raya a gonarsa. Shekara 37 ke nan daga 1983 kafin hukuma ta ba dattijon nan nawa amsa a rubuce, kuma ya riga mu gidan gaskiya bai ji ba. Abin da ya fi damuna, har yau ina shiga ƙauyukan da ba su san da wannan doka ba, suna tuge tsiro don tsoron tarar da ta tsorata iyayensu. Ke nan akwai saƙon da ya kamata ya hau sama daga gona, akwai kuma wanda ya maƙale a Yamai bai sauko ba, kuma duka biyun suna bukatar mai ɗauka.

Game da tabkinki, ga abin da zan yi in ni ne ke. Mutanen da suka ba ki masauki shekara biyu, suka riƙe miki igiyar awo, har yanzu ba su ji abin da kika gano ba, an faɗa wa ƴan otal su ba a faɗa musu ba. Ki koma can kafin sassaben bana, da hotunan tabkin na da da na yanzu, da kwafin dokar 2020, da ɗan gandun dajin yankin a gefenki don su ji daga bakinsa cewa ba zai ci su tara ba. Ki kwana biyu, dare ɗaya na mata. Ki tambaye su wane kwari ne ya fi kawo yashi, za su nuna miki, ki gwada da awonki. Wannan kwarin guda shi za ki rubuta a shafin da za ki kai gunduma, da kuɗin jeren duwatsu da rabin watan da zai ci, da sunayen ƙauyukan da suka ce za su fito aiki, kuma maigari ya raka ki ranar kai takardar. In kin rubuta shafin ki aiko mini in duba kafin ki kai, ki haɗo da farashin amalanken dutse na wurin.